Rasuwar Alhaji Mai Haƙora, Fiyanon Bodinga

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunnuwa biyu da suka wayi gari ba su da aikin yi, ni Maniru Na'Allah, tela a kasuwar Bodinga, a madadin gidanmu na Horo Birni, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, har da maƙiya don na san su ma suna jiran labari, rasuwar aminina, fiyanon lantarki mai cin batir, wanda aka fi sani da Alhaji Mai Haƙora. Ya cika ranar Talatar da ta wuce a ɗakin mahaifiyata Inna Hajara, bayan gajeruwar jinya da doguwar yunwa.

Marigayin ya shigo ƙasar nan a 1981 cikin akwatin yayana Alhaji Sama'ila, a zamanin da alhazai ke dawowa da kaya sai ka ce an gaya musu za a rufe Jidda. Yaya ya saye shi bisa zaton rediyo ne. Ya yi ta murɗa shi yana neman labarun duniya, bai kama ko tasha ɗaya ba, sai wani kuka da ya sa kajin gidan suka haura danga. Nan take ya miƙo mini shi, wai ni na saba zama da ƙarfe mai surutu. Wasu sun yi gardama a kan laƙabin Alhaji da na ba shi. Amsata har gobe ɗaya ce: ya hau jirgi, ya sauko daga jirgi, kuma in haƙorin Makka ne shaida, Yaya guda ɗaya tak ya dawo da shi, marigayi kuwa ya dawo da baki cike, farare da baƙaƙe.

Jama'a su shaida, marigayi ba makaɗin biki ba ne. Bai taɓa yi wa kowa kirari ba, bai taɓa bin mai kuɗi da roƙo ba. Abin da ya haɗa mu daban ne. Tun kafin zuwansa, duk ranar da aka kawo fim ɗin 'yan sama jannati a sinimar Sakkwato, nakan rufe shago in hau mota. Irin fim ɗin nan da jirgi mai kama da faifai ke sauka a bayan gari, wasu halittu masu kai kamar tulu su fito suna ƙifta fitila. Mutane faɗa suke zuwa kallo. Ni kuwa kiɗan nake zuwa ji, wannan sautin da ba na kalangu ba ne, ba na goge ba, wanda ke sa mutum ya ji tafin ƙafarsa ya rabu da ƙasa. Har ido nake rufewa. Abokina Mode mai gyaran rediyo ya sha faɗi cewa kaf jihar nan ni kaɗai ke yankan tikitin kallo in je in rufe ido. To, ranar da na murɗa wani ɗan kunne a goshin marigayi, na danna haƙorinsa na can ƙarshe, ya buɗe baki ya ce wiiiiyuuuu, wallahi sai da hawaye ya zubo mini a kan shaddar mutane.

Shekara uku muka yi, ni da shi, muna haɗa kiɗa guda ɗaya da na raɗa wa suna Saukar Baƙo a Fadamar Kajiji. Yana farawa a hankali, dum… dum… dum, jirgi ya taso daga bayan tauraruwar Zara. Sai bululululu, ya sauka tsakanin kwamin albasa. Sai tsiyu, ƙofa ta buɗe. Baƙo ya fito yana gaida mutane, babu mai gane gaisuwarsa. Daga nan sai wani wuri mai sanyi, inda baƙon ya zauna a kan tudu yana tuna gida, marigayi ya yi ƙasa da murya, uuuu, uuuu. A ƙarshe jirgi ya tashi. Ba mu nemi suna ba, ba mu nemi a sa mu a gidan rediyo ba. Burinmu ɗaya ne a duniya: a samu ɗan Adam guda ya zauna ya ji kiɗan nan daga farko har ƙarshe, bai gudu ba.

Ba mu yi ƙasa a gwiwa wajen nema ba. Mun gwada ranar kasuwar Bodinga, jirgi bai ma gama sauka ba jakin Ɗahiru mai albasa ya tsinke igiya da mangala a bayansa, sai a Dingyadi aka tare shi, albasar kuwa mutanen hanya sun gode. Har yau Ɗahiru sallama kawai yake amsa mini, ita ma don wajibi ce. Mun gwada a wani gangamin siyasa na 1983, inda 'yan wata jam'iyya suka jona mu da lasifika don mu tara musu jama'a. Ɗan takara yana tsakiyar alkawarin rijiyar burtsatse ƙofar jirgi ta buɗe, masu guɗa suka watse, 'yan banga suka riga su. Da sojoji suka karɓi mulki babu wanda ya dawo neman lasifikar, ta zauna wurinmu ta zama 'yar gida. Liman ma, Allah ya ƙara masa lafiya, ya taɓa zama don ya yi mana adalci. Ya jure har inda baƙo ya fara gaisuwa, sannan ya yi a'uziyya, ya tuna ya bar wani abu a gida.

Duk da haka ban taɓa jin marigayi ya yi ƙorafi ba. Mai haƙuri ne, mai kawaici. Ba ya magana sai an taɓa shi, halin da da mutanen layinmu na teloli sun koya da an huta. Ya kwana ƙarƙashin tebur cikin ƙyallaye, ya hau bayan motar kanta tare da awaki, an kira shi akwatin aljanu a gaban idonsa, bai rama ba.

Cikin masu kiransa da wannan suna har da Inna. Ranar da na fara kai shi Horo Birni cewa ta yi, “Maniru, hidda wanga abin iskoki daga gidana.” Shi ya sa in na je gida nake ɗaukarsa mu tafi gonarta mu yi aikinmu inda babu kowa. Daminar bana, wadda ruwa ya yi wa rowa, ɗan geron da Inna ta samu ya fara ido, sai ga tsuntsayen jan-baki kamar an aiko su. An kaɗa gwangwani, an wulla majaujawa, an yi ihu har muryoyi sun dushe, ko a jikinsu. Ina zuwa na jona lasifika na danna wiiiiyuuuu, sai gona ta yi baƙi ta yi fari, ba ka ganin ko gashin tsuntsu. Daga ranar Inna ta sa aka kafa mana rumfa a tsakiyar gona. Kullum da safe sai ta tambayi kwanan Alhaji kafin ta tambayi nawa. Takan zo da fura, ta zauna ƙarƙashin rumfar da mazarinta tana kaɗi, mayafi rufe da kai, ni kuwa na tabbata rabin audugar a kunnenta take. Ba zan ɓoye ba, abin ya yi mini ciwo. Aikin shekara uku, da ƙyar ya samu masu saurare, su ma masu fiffike ne, kuma gudu suke yi.

Ciwon ajali ya faro ne daga halin da ƙasa ta shiga. Sabulu ya ɓata, madara ta ɓata, sukari sai a layi, batir kuwa ya bi su. Na yi duk abin da talaka ke yi: na shanya tsofaffin batura a rana, na cije su, na jujjuya su, na gaba ya koma baya. Marigayi ya fara ramewa a murya. Wiiiiyuuuu ɗin nan da ke tsinka igiyar jaki ya koma wooo… wuh, jirgi ya riƙa sauka kamar tsohuwar lori a gangare. Na ce wa Inna yunwa ce. Ta kara kunne a ƙirjinsa ta ce, “Mura ta, ina jin ta ga muryatai.” Ban ja da ita ba, don ba a jan magana da Inna a kan mura.

Ranar Talata aka ce batir ya iso Sakkwato. Na bar Alhaji a hannunta na tafi bin layi. Ina juya baya ta tsinko ganyen dogon yaro, ta haɗa da citta da kanumfari, ta tafasa tukunya guda. Ta girke ta a tsakar ɗaki, ta gicciya Alhaji a kan turame biyu daidai bakin tukunyar, ta lulluɓe su da bargon da ta yi mana sirace da shi tun muna yara. Ta zauna tana jira ya yi gumi. Ya kuwa yi. Da ta ga yana ɗiga ta yi hamdala, ta ƙara wani ruwan zafin, sannan ta goge shi, ta murje masa ƙirji da man zafi har tsakanin haƙora. Na dawo da la'asar da batura sababbi fil, na same shi da ɗumi yana ƙamshin kanumfari. Na ɗura masa abincin da ya daɗe yana jira, na danna haƙorin ƙarshe. Kalamansa na ƙarshe, a gaban shaidu, su ne: ƙrrr… fit. Washegari Mode ya kwance bayansa, koren ruwa ya zubo masa a cinya. Hularsa kawai ya cire.

Iyalai ba su riƙi kowa a zuciya ba. Da wannan bargon Inna ta raya mu mu biyar, kuma babu wanda ya ce fit a cikinmu.

Marigayi ya rasu ya bar lasifika guda, wadda tun ranar ba ta ce uffan ba. Ya bar abokin zamansa keken ɗinki, da jakar da na ɗinka masa da ragowar yadin wani alƙali, da tarin batura matattu masu shaidar haƙorana, da sababbi da ba su san shi ba. Ya bar jakin Ɗahiru, wanda aka ce ya fara ƙiba. Ya bar jan-baki dubbai, waɗanda labarin ya riske su kafin ya riski dangi.

A kan jan-bakin nan ne zan faɗi abin da ya sa na rubuta sanarwar nan maimakon in rufe shago in yi ta kuka. Ranar Alhamis da hantsi na tafi gona in kwance rumfar. Tun daga nesa na ji dum… dum… dum. Na ce ko Alhaji ne ya dawo. Ashe Inna ce tsaye a kan rumfa, tsohuwa da ita, ta haɗa tafin hannu a baki. Tun ranar Talata ba ta yarda mun haɗa ido ba, ta fito ta biya wa gero abin da ta kashe masa. Ta yi bululululu. Ta yi tsiyu. Ta yi gaisuwar baƙo ɗaya bayan ɗaya, ba ta tsallake ko guda ba. Na tsaya bayan kuka ina jira ta tsaya inda kowa ke gudu, sai na ji ta yi ƙasa da murya, uuuu, uuuu, baƙo ya zauna a kan tudu yana tuna gida. Ashe audugar nan duk a mazari ta ƙare.

Tsuntsaye fa ko gezau. Sun sauka kan gero sun baje, ci suke suna kallonta. Ga gwangwani a gabana, da na kaɗa shi ƙila da sun ɗan tashi, amma da na katse ta. Na bar su suka ci kunyar gero guda cur, Allah ya yafe mini, har ta kai ƙarshe. Kuma kafin jirgi ya tashi sai na ji wani ɗan wuri da ni ban sa ba, mai tafiya a hankali, kamar sawun mutum biyu. Da ta sauko ta gan ni ina share fuska da hula, ta kau da kai ta ce, “Kai da Alhaji kun cika gaggawa. Baƙo ba ya tahiya ba a raka shi ba, ko daga ina ya hito.”

Saboda haka ga yadda za a yi sutura. Liman ya ce babu wanka, don an riga an yi masa wanda ya ishe shi, babu salla, kuma kada wanda ya ce Allah ya jiƙansa. A ce Allah ya ba Maniru haƙuri. Za a naɗe shi cikin farin ƙyalle, ɗinkin hannuna, a ajiye shi gindin rumfar gonar Inna a Horo Birni ranar Asabar da hantsi. Mai zuwa ya zo da gwangwaninsa, amma kada a kaɗa sai an gama. Wanda ya ɓoye batir lokacin da ake nema ya riƙe abinsa. Ɗahiru ya zo a ƙasa, ya bar jaki a gida. Kafin a rufe, Inna Hajara za ta hau rumfa ta yi Saukar Baƙo a Fadamar Kajiji daga farko har rakiya. Ana roƙon jama'a, don girman zumunci, kowa ya zauna har ƙarshe. Ƙofar gonar ɗaya ce, kuma ni zan tsaya a bakinta.

Mai sanarwa,
Maniru Na'Allah Tela, Bodinga.