Ranar da Na Zama Misalin Darasina

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a ina koyar da Turanci a wata makarantar 'yan mata a Ƙauran Namoda. A wani tsohon ƙamus na tsinci kalmar "bedizen", wato mutum ya cika ado har ya koma abin kallo. Na koya wa ɗalibaina ita, har ina kwaikwayon tafiyar masu irin wannan kwalliya, suna ta dariya.

Sai ga ranar da zan je Zurmi gaida gwaggon wanda zan aura, matar da ba a ɗaura aure a gidansu sai ta ce to. Na kasa zaune, na kasa tsaye. Sarƙar Inna ko murjani? Awarwaro ko zobba? Na sa leshi mai walƙiya, na zuba su duka a jikina, na ce ai sabon hijabina har ƙasa yake, a mota zan rage. A motar kuwa mata suka matse ni, ko hannu ban iya ɗagawa ba.

Na shiga ɗakin Gwaggo ina kacau-kacau. Ta ce, "Ɗiyata, tuɓe hijabin ga, zahi ya yi yawa."

Na tuɓe. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Halan kasuwar Shinkahi duka kika kwaso?"

Sai jikarta Hadiza, ashe 'yar ajina ce, ta leƙo. "Malama, wannan ne bedizen ɗin?" Ta kuma fassara wa Gwaggo, tiryan-tiryan yadda na koya mata.

Gwaggo ta amince da auren, wai gidan yana buƙatar abin dariya. Har yau in na je gaishe ta, sai ta ɗaga gefen hijabina ta ce, "Badizan, ina sauran kayan?"