Gwadon Inna a zaman gona

Zamanin soja ne, da damina, munka tahi zaman gona bayan Bonkuku. Ni da ban taɓa kwana daji ba, sai na ɗauko gwadon shuni, abu guda da marigayiya Inna ta bar mini. Yayana ya miƙo mini kabido, mayafin da ake saƙawa da kaba, saboda ruwa.

Na ce, "Yaya, wanga ai na makiyaya ne. Riƙe abinka."

Da la'asar ruwa ya kece, na lulluɓa da gwadon. Shuni ya zube a jikina, tsohon zare ya jiƙe har ya yage a hannuna. Na zamna gindin gawo ina kuka, baki shuɗi, wuya shuɗi.

Har yau Shuɗi ake kirana, jikokina ma sun ɗauka. Ina amsawa, tunda sunan kaɗai ya rage mini daga gwadon.