Ranar da Alhaji Tanimu Ya Soke "Ranka Ya Daɗe"

Wani mutum ne, Alhaji Tanimu, shugaban 'yan albasa na kasuwarmu. In ya yi tari, "Ranka ya daɗe." In ya shara ƙarya, "Haka ne, shugaba," kowa ya sunkuyar da kai.

Zaɓen ƙungiya ya matso, sai ya ɓace ɓat. Ya dawo da kwat a tsakiyar zafin bazara, wai daga Landan yake, kwas ɗin shugabanci.

Ranar zaɓe ya haye buhun albasa, ya daki ƙirji dam!

"Jama'a, a ƙasar Turawa ba a durƙusa wa shugaba. Sunansa ake kira gatsal, a gaya masa gaskiya ido da ido. Daga yau na soke 'Ranka ya daɗe'! Tanimu kawai. Kowa ya amayar da abin da ke cikinsa!"

Shi a tunaninsa yabo ne zai zubo, ƙuri'u su biyo baya. Bawan Allah ya kawo wa mutane wayewa kyauta, amma ku ji sakayyar da aka yi masa.

Haladu taubashinsa, kuma abokin takararsa, ya miƙe. "Da gaske kake, ran... au, Tanimu?"

"Da gaske! Wayewa ke nan."

"To Tanimu, Landan ɗin taka ita ce bayan tashar Funtuwa? Don can na gan ka a gidan ƙanwarka, ɗaure da zane, kana kwankwaɗar fura."

Dariya ta ɓarke. Baba Ilu, dattijon ƙungiya, ya dogara sanda ya tashi.

"Tanimu, ai duk mun sani, ladabi ne ya ɗinke mana baki. Kuma kan nan da kake gani ina gyaɗawa in kana jawabi, ba yarda ba ce, ɗana. Gyangyaɗi ne."

Gumi ya keto wa Alhaji sharkaf, kwat ta manne.

"Kai! Kai! Ni sa'anku ne? Wannan ai rashin kunya ce! A dawo da 'Ranka ya daɗe' yanzun nan!"

Ina! Hannuwa sun riga sun tashi sama, duk Haladu suka zaɓa.

Sabon shugaba ya tako a hankali, ya durƙusa har ƙasa, ya dunƙule hannu ya yi jinjina.

"Ranka ya daɗe, Allah ya ja kwana. A taimaka a sauko daga buhun nan. Wurin tsayuwar shugaba ne."