Ranar da Uban Tsuntsaye Ya Tsaya da Ƙafa Ɗaya

Talatar makon jiya awa huɗu na yi a layin mai, jarka biyu a hannu, rana tana gasa min ƙeya. Man rangwamen da aka yi wa masu kwale-kwale alkawari tun zaɓen baya har yanzu yana hanya, wataƙila a ƙafa yake tahowa. Maƙwabcina Crisanto Chan ya taɓo ni daga baya ya ce, "Nicanor, ka ji labari? Yau Mai Girma zai zo kallon tsuntsayen filamingo, kuma jirginka aka zaɓa." Na ce madalla, ashe yau kaya mai nauyi zan ɗauka.

Mai Girman nan, Uban Tsuntsaye, Garkuwan Tafki, shi ya kafa mana ƙaton allo a bakin ruwa: duk wanda ya kusanci filamingo da inji a kunne, a bakin lasisinsa. Doka ce mai kyau, ko da yake iyayenmu sun riga shi saninta. In ka hango garken jajayen tsuntsayen nan masu dogayen ƙafafu ya shimfiɗu a kan ruwa, sai ka kashe inji, ka ɗauki gora ka riƙa turawa a hankali, ka kuma kama bakinka. Yanzu lokacin kwanci ne, kowace uwa tana kan ɗan tudun lakarta da ƙwai ɗaya tal. In suka firgita suka tashi a guje, wasu su karye, ƙwai ya faɗa ruwa, sauran su yi fushi su ƙaurace mana shekaru. Su ne gonarmu. Baƙi masu kyamara ba don kyan fuskata suke zuwa ba.

Sha biyu ta gota Mai Girma ya iso cikin farar riga da fararen takalma, tare da mai ɗaukar hoto da wani mai riƙe masa jaka, wanda aikinsa shi ne dariya in maigida ya yi tari. Motoci tara suka rako shi. Ban ga ko ɗaya a layin mai ba.

Muka shiga ruwa. Da muka matso na kashe inji na ɗauki gora. Tsuntsaye dubbai, kai a cikin ruwa suna tace abinci, ba wanda ya ɗago ya gaishe shi.

Mai jaka ya ce, "Nicanor, Mai Girma yana so su tashi a bayansa, shi kuma ya buɗe hannuwa. A allon kan titi za a sa hoton. Tayar da inji ka ba shi wuta."

Na ce, "Ranka ya daɗe, allon can na bakin ruwa fa?"

Mai Girma ya yi murmushi. "Ni na rubuta shi, ai na san abin da ke ciki. Takardar sabunta lasisinka ma tana kan teburina, ko ba haka ba?"

Mai dokar barci ya ɓige da gyangyaɗi.  In ƙi, a raba ni da sana'ata. In yi, na kori abincin ƙauye da hannuna, Eulogia matata kuma ba za ta sake gasa min ko tortiya ɗaya ba, wainar masararmu. Na ja igiyar inji, ya yi tari ya mutu. Na sake ja, shiru. Na girgiza tanki na kasa kunne.

"Ranka ya daɗe, mai ya ƙare. Na rangwamen nan muke jira."

Ana cikin haka ruwa ya janye, yadda ya saba in teku ya ja baya, jirgi ya zauna daram a kan laka. Mutum huɗu sun yi masa nauyi, dole a sauka a tura. Mai Girma ya zura ƙafa, taɓo ya karɓi takalmin dama, ko godiya babu. Ya tsaya da ƙafa ɗaya, rana ta mayar da fuskarsa jajir, sannan ya sunkuyar da kai cikin ruwa yana lalube. Mai hoto, bawan Allah, tun ɗazu yake jiran abin ɗauka, sai na ji ƙyat. Shekara talatin ina wannan aiki, ban taɓa ganin filamingo mai tumbi ba.

A garin da gyaran kwalbati ke cin shekara biyar, kwana shida aka yi allo ya tashi a kan titi: Mai Girma hannuwa a buɗe, jajayen tsuntsaye na shawagi a bayansa. Crisanto ya daɗe yana kallo, ya ce, "Kai, dubi bakinsu." Kowanne baki kamar ludayi. Wani tsuntsu ne dabam aka liƙa, wanda ko ɗan yaye a ƙauyen nan ba zai kira shi filamingo ba. Uba ne dai bai san fuskar 'ya'yansa ba.

Ni kuwa takarda ta zo jiya: an dakatar da ni wata uku, saboda ɗaukar babban baƙo ba isasshen mai. Wata uku a tsakiyar kakar baƙi, abin ya yi min ciwo ƙwarai. Eulogia ta karanta, ta lanƙwasa yatsu ta ce, "Kafin nan sun ƙyanƙyashe." Ta ƙara min tortiya biyu.

Af, in akwai mai neman mai a cikinku, kada ya sha rana a layi, ya biyo ta gidana. Tankina cike yake, tiyon man inji kawai na zare da yatsan ƙafa ranar nan. Wannan tsakaninmu ne, Mai Girma ba ya karanta abin da babu hotonsa a ciki.