Faɗin Ƙirjin Aro a Dutsen Ɗa'ifa

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na fara ganin Zulai ba, tana miƙo wa babanta shayi ta bayan labule a gidansu na unguwar Tandabawi a Makka. Hannunta kawai na gani, amma na kwana ina tsara mana rayuwa. (Lokacin ƙananan littattafan soyayya sun gama cinye mini ƙwaƙwalwa, kuma duk jaruman cikinsu masu faɗin ƙirji ne. Ni kuwa kamar sillen kara nake.)

Babanta, Kawu Sale, mafarauci ne. Da yake ba a farauta a cikin Harami, duk hunturu yakan hau duwatsun Ɗa'ifa neman makwarwa. Da na aika da maganar aure, sai ya ce in raka shi da abokansa farauta tukuna.

"Akwai sanyi can, ya waladi, har ruwa daskarewa yake," in ji shi, yana kira na ɗansa da Larabci. "Ka jera siraran kaya a jikinka, wani kan wani. In muna hawa ka rage, in mun tsaya ka ƙara."

"Kawu, ni sanyi ba ya kama ni," na ce.

Na koma gida tsoro ya kama ni. Na jibga singileti da taguwoyi da suwaita, na naɗe ƙirjina da zanen Innata mai furanni, sannan na rufe komai da jallabiya. Na duba madubi, sai ga jarumi.

Muna hawan dutse kowa na tuɓe nasa yana ratayawa, ni ba hali. Gumi ya jiƙa ni sharkaf. Da muka laɓe jiran tsuntsaye, iska ta bugi jiƙaƙƙun kayan, haƙorana suka kama kaɗawa har makwarwa ta tashi.

Ashe da sauran kallo. Al'adar Kawu ce ba ya wuce miƙati, wurin ɗaukar niyya, a hanyar dawowa Makka sai an ɗaura harami an yi umara. Ni kaɗai ban sani ba. Ya miƙo mini fararen ƙyallaye biyu.

"Yalla, maza tuɓe."

A gabansu na yi ta ɓare kaina kamar albasa, jarumin yana raguwa, har aka iso ga furannin Inna. Direbanmu ya ce, "Kawu, mutum biyu muka ɗauko, ɗaya ya narke."

Kawu bai yi dariya ba. Ya naɗe zanen da kyau ya ba ni.

"Jin sanyi ba laifi ba ne, ɗana. Amma wanda ya ɓoye wa abokan tafiya yana jin sanyi, ban san me zai ɓoye wa matarsa ba."

Maganar aure ta mutu a nan. Na koyi cewa kayan da ba za ka iya cirewa a gaban mutane ba, gara ka bar su a gida.

Bayan shekaru na ga Zulai a titin Mansur da mijinta, wani tela da ya fi ni rama. Iska ce 'yar kaɗan, amma yana ƙofar shagonsa lulluɓe da bargo, yana gaya wa duk mai wucewa sanyi zai kashe shi.