Yadda Za Ka Haɗe Jakunkunan Kwamfuta Ka Hana Gida Guda Wanka

Asabar, ƙarfe goma na safe, ƙanƙara na sauka a hankali a garinmu Kuopio. Irin safiyar da ta dace da aikin ke nan. Bi matakan nan, na yi maka alkawari kafin yamma kowa a benenku zai san sunanka. Ni, Vilho, na gwada.

1. Nemo kwamfutar da ba ta yi wa kowa laifi ba.
Tamu tana ɗakin ƙasa. Ita ke riƙe da layin shiga sauna, wato ɗakin wankan tururi, na iyalai goma sha takwas na benenmu, ita ke buɗe ƙofar. Shekara tara ko tari ba ta yi ba. Ai wannan raini ne.

2. Karanta rabin bayani.
Masana sun ce a kwashe jakar /lib a zuba cikin /usr, a bar alama a tsohon wurin tana nuna sabon. Da ka kai "a kwashe", rufe shafin. Gwani ba ya karatu har ƙarshe.

3. Kwashe.
Yanzu za ka gano cewa kowane umarnin kwamfuta, har wanda zai sa alamar, sai ya leƙa /lib kafin ya motsa. Ka hau rufi ke nan ka ture tsanin da ƙafarka. Haɗa kofi. Kalli allon har biyar saura.

4. Tarbi tsohuwa Tuulikki da ilimi.
Za ta sauko da tawul a kafaɗa.
"Ɗan nan, ƙofa ta ƙi."
"Inna, jakunkuna nake haɗewa."
"Da faɗa suke yi?"
"A'a, tsari ne na zamani."
"Ƙarfe biyar tawa ce tun kafin a yaye ka. Ranar da aka binne mijina ma na shiga. Zamaninka ya buɗe min."
Kalli takalminka. Yana taimakawa.

5. Bar wa manya.
Aulis, maƙwabcina na hawa na uku, wanda shekara huɗu bai ce min uffan ba, ya sauko da sukudireba, ya kwance makullin ɗungurungum, ya kunna murhun saunar da hannu. Inna ta shiga biyar da minti ashirin. Ta faɗa min minti ashirin ɗin. Sau biyu.

Gargaɗi: duk abin da ya same ka, ban san ka ba, ban ga kwamfutarka ba. Tamu har yau ba ta farfaɗo ba, layin sauna ya koma takarda.

Takardar ma Aulis ya rubuta. Ya sa ni Laraba, lokacin da Inna take coci, yadda ba za mu haɗu ba. Na buɗe baki zan yi godiya, ya riga ya haye bene.