Yadda Za Ka Kayar Da 'Yarka A Muhawara

Kai maigida, idan ka gaji da yaran yanzu masu mayar maka da magana, gyara zama. Ka bi matakan nan yadda na jera su, na yi maka alkawarin babu ɗan da zai sake cin ka da baki a falonka. An gwada su a kan wani malamin sakandare, shugaban ƙungiyar muhawara ta makarantarsu, wanda ɗalibai ke kira Malam Hujja, kuma ya yi nasara fes.

Mataki na 1: Ka koya mata da kanka

Kayar da wanda bai iya ba ba shi da daɗi. Tun Auta, 'yar Malam ta ƙarshe, ƙafafunta ba su kai ƙasa daga kan benci ba yake jan ta zuwa atisayen ƙungiya. A can ta koyi cewa ba a faɗin magana ba dalili, ba a katse abokin karawa, kuma maganar ake kai wa hari, a bar mai ita. Kai ma yi haka. Abin da za ta yi da ilimin daga baya ba damuwarka ba ce yanzu.

Mataki na 2: Ka ce a'a, ka ɓoye dalili

Da Auta ta girma aka ba ta gurbin karatun likitan dabbobi a wata jami'a mai nisa. Malam ya ce ba inda za ta. Gaskiyar ita ce yayyenta duk sun watse, ita kaɗai ta rage masa, kuma yana tsoron shirun gidan. Irin wannan ba a faɗa wa yaro, yana rage kwarjini.

"Baba, mene ne dalili?" in ji Auta.

"Ni ne dalili."

"Da ɗalibinka ne ya faɗi haka, wane maki za ka ba shi?"

A nan sai ka yi tari, ka nemi takalminka.

Mataki na 3: Ka yarda da kowace doka, ai kai ka kafa su

Auta ta roƙi a yi muhawara a falo bisa ƙa'idar ƙungiya, wanda ya ci a bi maganarsa. Malam ya yi murmushi, domin alƙaliyar matarsa ce, ita kuwa tuni ta rantse 'yarta ba za ta yi nisa ba. Aka ba ta kofi da cokali a madadin ƙararrawa.

Saura ƙuri'a. A ƙungiya mutum ba ya zaɓen gefensa. Ana naɗe takardu biyu a jefa cikin hula, abin da ka ɗauko shi za ka kare ko da ranka ba ya so. Malam ya sa hannu ya warware, ya ga an rubuta: Auta ta tafi.

Masu hikima ba sa tambayar wanda ya naɗe takardun, ba sa kuma cewa a nuna musu ɗayar.

Mataki na 4: Kada ka sassauta

Zuciya za ta raya maka ka yi magana sanyi-sanyi don ka faɗi da gangan. Malam ma ta raya masa. Sai dai Auta ce ta fara, kuma ta kare zaman gida kamar da gaske: nisan hanya, cunkoson ɗakin kwanan ɗalibai, ga shi ba ta taɓa kwana a wani wuri ba. Ta rufe da cewa, "Sannan Baba ba ya tuna maganinsa sai na ajiye masa kusa da shayi." Uwar tana ta gyaɗa kai.

Ganin alƙaliya na gyaɗa wa wani kai ya ɗaga wa Malam hankali. Ya miƙe, ya gyara wuyan riga.

"Mai girma alƙaliya, abokiyar karawata ta yi ƙoƙari, amma bari mu duba."

Ya bi hujjojin ɗaya-ɗaya yana kakkarya su. Nisa? Akwai waya, akwai hutu. Magani? A saya wa tsohon nan agogo mai ƙara. Ya yi gumi, ya fara zagaya tebur, muryarsa har maƙwabta. Daga ƙarshe ya nuna kujerar da ya tashi daga kai, ya ce, "Uban da ya riƙe 'yarsa don kada gida ya yi masa shiru, kansa yake ji wa, ba ita ba!"

Sai da maganar ta fita ya ji abin da ya faɗa.

Mataki na 5: Ka karɓi nasararka

Alƙaliya ta manta da cokali gaba ɗaya. Ta share ido da gefen mayafi ta ce, "Malam, ka ci. Ni kam ka gamsar da ni. Ta tafi."

"Haba Maman Auta, ai gefen da ƙuri'a ta ba ni ne kawai!"

"To kawo hujja ɗaya da za ta rushe abin da ka faɗa."

Ya laluba sama, ya laluba ƙasa, bai samu ba, domin aikin ƙwararre ne. Auta ta zo ta miƙa masa hannu kamar yadda wanda aka kayar yake yi, ta ce, "Baba, ban taɓa jin ka yi kyau kamar yau ba." Wallahi daɗi ya ji, kuma shi ne abin da ya fi ba shi haushi.

Mataki na 6: Ka ɗauki jakar da kanka

Ranar tafiya kada ka bar wa kowa. Malam ya kai jakar tasha, ya yi jayayya da direba har ya samo mata kujerar taga. Nan ma ya ci. Motar ta ɗaga, ya tsaya yana kallonta har ta sha kwana.

Gargaɗi: ni nasara kawai na sayar maka, abin da ya biyo baya naka ne. Idan ka koma gida wata hujja mai zafi ta zo maka, ka waiga ka rasa mai ce maka, "Baba, ban yarda ba," kada ka neme ni.